Yadda ɗalibin jami'a zai kama tunaninsa yana yi wa mutane kuɗin goro

Malami ya shigo aji ya ce a kasu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar, aikin kuma maki 30 ne. Kafin ya rufe baki idonka ya zagaye ajin, ka riga ka san waɗanda kake so da waɗanda kake fatan kada su faɗo maka. Duka-duka abin bai wuce daƙiƙa goma ba. Da wani zai tare ka a bakin ƙofa ya ce, "Me ya sa ka tsallake wance?" amsa ba za ta yi maka wuya ba. Za ka ce ba ta cika magana ba, ko ka ce kamar ba ta da himma. To, ka taɓa ganin aikinta? Ka taɓa karanta ko layi ɗaya da ta rubuta? Galibi a'a. Hukuncin ne ya riga isowa, dalilin ya biyo bayansa yana haki.

Abu biyu ne suka haɗu a wannan ɗan lokaci. Na farko shi ne ɓoyayyiyar karkata, wato yadda zuciya ke jingina wasu siffofi ga wasu mutane nan take, saboda jinsinsu, ko launin fatarsu, ko karin harshensu, ko shekarunsu, ko wata naƙasa, ba tare da mutum ya yi niyya ba. Anthony Greenwald da Mahzarin Banaji, masana halayyar ɗan Adam a Amurka, su ne suka shimfiɗa wannan batu sosai a 1995. Na biyu shi ne abin da John Flavell ya raɗa wa suna a shekarun 1970: tunani a kan tunani, wato mutum ya san yadda ƙwaƙwalwarsa ke aiki, ya kuma iya sa mata linzami. Masana sun raba linzamin gida uku: tsarawa kafin aiki, sa ido ana cikin aiki, da bita bayan an gama. Ɗalibai sun saba jin wannan wajen karatun jarrabawa. Ni kuwa ina ganin inda aka fi buƙatarsa shi ne wajen hukuncin da muke yanke wa mutane, domin wanda ke zaɓen abokan rukuni yau, gobe shi ne zai duba mara lafiya, ya ɗauki ma'aikata, ya ba yara maki.

Mataki na farko: ka daina tambayar kanka ko kana da son kai

Na san abin zai zo wa wasu banbaraƙwai, amma daga nan ya kamata a fara. Idan ka zauna ka rufe ido ka tambayi zuciyarka, "Shin ina nuna bambanci?" amsar da za ta ba ka kusan kullum ita ce a'a. Ba ƙarya kake yi ba. Wurin da kake leƙawa ne ba a nan abin yake zaune ba.

A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson suka ba da labarin wani gwaji mai sauƙi. Sun jera safar mata guda huɗu a kan tebur, suka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi inganci. Safar iri ɗaya ce sak. Amma wadda ke can ƙarshen dama an zaɓe ta kusan ninki huɗu na wadda ke ƙarshen hagu. Da aka tambayi dalili, kowa ya kawo nasa, babu wanda ya ambaci wurin da aka ajiye ta. Da aka fito fili aka ce ko wurin ne ya ja su, kusan dukansu suka musanta. Idan mutum zai iya ƙirƙiro dalili a kan safa kuma ya yarda da shi har zuciya, ina ga a kan ɗan'uwansa ɗan Adam?

Emily Pronin da abokan aikinta sun ƙara haska wannan a 2002 da ɗaliban Jami'ar Stanford. An bayyana musu ire-iren karkatar tunani ɗaya bayan ɗaya, aka ce su auna kansu su auna wasu. Sai suka riƙa ganin abin a jikin sauran mutane fiye da a jikinsu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Dalilin kuwa a fili yake: wasu kana auna su da abin da suka aikata, kai kuma kana auna kanka da niyyarka, niyyarka kuwa ka san mai kyau ce.

Saboda haka sauya tambayar. Maimakon "ina da shi?" ka riƙa cewa "a ina ne zai fi sauƙin shigo mini, kuma yaya zan gane idan ya shigo?" Ka duba kanka yadda kake duba wani, ta hanyar abin da ka yi.

Mataki na biyu: ka lissafa ƙofofin da yake shigowa

Ɗauki takarda ka rubuta duk wurin da kake yanke hukunci a kan mutum a rayuwarka ta makaranta. Zaɓen 'yan rukuni. Raba aiki a cikin rukunin, wa zai yi lissafi, wa zai riƙe biro ya yi rubutu, wa zai tsaya gaban aji ya gabatar. Wanda kake zuwa wurinsa idan darasi ya shige maka duhu. Makin da kake ba abokin karatu idan malami ya ce ku duba aikin juna. Takardar auna malamai ta ƙarshen zango. Zaɓen shugabannin ɗalibai. Wanda kake katse wa magana a muhawara. Ka zaɓi biyu ko uku da suka fi yawan faruwa, ka bar sauran tukuna. Wanda ya ce zai gyara komai a mako guda ba zai gyara komai ba.

Mataki na uku: littafin mako biyu

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Ka sami ƙaramin littafi ko ka buɗe shafi a wayarka. Tsawon kwana 14, duk lokacin da ka yanke hukunci a ɗaya daga cikin ƙofofin da ka zaɓa, ka rubuta abu biyar, a ranar, kafin ka kwanta.

Ka rubuta abin da ya faru a taƙaice. Ka rubuta tunanin farko da ya faɗo maka, yadda ya zo, ba tare da ka wanke shi ba. Ka rubuta hujjar da ka gani da idonka ko ka ji da kunnenka game da wannan mutumin shi kansa. Ka rubuta yawan tabbacinka da lamba, daga kashi 50 zuwa 100. Sannan ka rubuta halin da kake ciki: gajiya, gaggawa, ɓacin rai, rashin barci.

Ga yadda shafi ɗaya zai iya kasancewa. "Talata, darasin ƙididdiga. Wani dattijo da ya dawo karatu bayan shekaru yana aiki ya nemi shiga rukuninmu. Tunanin farko: zai ja mu baya, ba zai iya manhajar ba. Hujja: babu, ban taɓa ganinsa a gaban kwamfuta ba. Tabbaci: 80. Hali: saura kwana uku a miƙa aiki, ina cikin gaggawa."

Dubi wannan shafin da kyau. Tabbaci 80, hujja babu. Wannan tazarar ita ce abin da kake farauta. Duk inda ka ga tabbaci ya yi sama hujja kuwa tana ƙasa, wani abu ne ya cike gurbin, kuma sau da yawa abin da ya cike shi shi ne hoton da ka daɗe kana ɗauke da shi game da "irin waɗannan mutanen".

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Na ɗaya, kada ka rubuta sunan kowa, kuma kada ka bar littafin inda wani zai gani, domin tunanin farko wani lokaci ba ya da daɗin karantawa, zai iya ɓata ran wanda bai ji ba bai gani ba. Na biyu, ka bambanta hujja da fassara. "Ba ta yi magana ba a zaman farko" hujja ce. "Ba ta san komai ba" fassara ce. Na taɓa yin wannan kuskuren a wani aikin rukuni: na ba wata ɗaliba aikin haɗa shafuka kawai saboda shirunta, sai daga baya, da muka maƙale a lissafi, ita ce ta zauna ta warware shi a gefen takarda. Abin da ya fi damuna shi ne makonni uku muka yi tare ban taɓa tambayarta abin da ta fi ƙwarewa a kai ba. Tambayar ba za ta ci minti ɗaya ba.

Halin da kake ciki ma ba ado ba ne a shafin. Hukuncin nan-take ya fi samun fili lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗauke da kaya, ko lokaci ya ƙure, ko bayanin da ke hannu bai cika ba. Bayan mako biyu za ka iya ganin cewa mafi yawan shafukanka masu tazara sun faɗo ne a ranakun gaggawa. Wannan kaɗai ilimi ne game da kanka da babu littafin da zai ba ka.

Mataki na huɗu: ka yi hasashe, sannan ka gwada

Akwai gwajin auna ɓoyayyiyar karkata da ake kira IAT, wanda Greenwald da abokan aikinsa suka fitar a 1998. Ana yin sa kyauta a intanet a shafin Project Implicit na Jami'ar Harvard, yana ɗaukar kamar minti goma. Ana nuna maka fuskoki ko sunaye da kalmomi, kana rarraba su da maɓalli biyu cikin sauri. Abin da ake aunawa shi ne lokaci: idan hannunka ya fi sauri lokacin da aka haɗa "namiji" da "kimiyya" a maɓalli ɗaya fiye da lokacin da aka haɗa "mace" da "kimiyya", ana ɗauka haɗin farko ya fi ƙarfi a ƙwaƙwalwarka.

Kafin ka fara, rubuta hasashenka: ta ina kake jin za ka karkata, kuma da wane ƙarfi? Adam Hahn da abokan aikinsa sun gwada haka a 2014, inda mutane suka yi hasashen sakamakonsu a kan rukunai biyar kafin gwaji, kuma hasashen ya zo kusa da gaskiya sosai. Wannan labari ne mai daɗi. Yana nufin abin ba a kulle yake gaba ɗaya ba. Idan aka tambaye ka abin da ka yi imani da shi, za ka ba da amsa ɗaya. Idan aka tambaye ka abin da ka ji a daƙiƙar farko, kana iya jiyo shi, in dai ka yarda ka saurara.

Sai dai kada ka ɗauki sakamakon a matsayin hukuncin kotu. Mutum ɗaya yakan yi gwajin yau ya samu wani sakamako, ya sake bayan mako ya samu wani daban, kuma dangantakarsa da abin da mutum guda zai aikata ba ta da ƙarfi. Ka yi shi sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, ka ɗauke shi kamar hannunka-mai-sanda. Littafinka ya fi shi nauyi.

Mataki na biyar: tambayar musanya

Yanzu ka san ƙofofinka, ka ga tazararka. Ana cikin hukunci, ga tambayar da za ka riƙa jefa wa kanka: da wannan aikin, ko wannan maganar, daga bakin wani ta fito, da haka zan ɗauke ta? Ka sauya mutumin a zuci, ka bar komai yadda yake.

Masu bincike haka suke yi a aikace. A 2012 Corinne Moss-Racusin da abokan aikinta suka aika wa malaman kimiyya 127 a jami'o'in Amurka takardar neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takardar ɗaya ce, harafi da harafi. Bambancin kawai wasu sun ga sunan namiji a sama, wasu sun ga na mace. Malaman suka ga namijin ya fi ƙwarewa, suka fi son ɗaukarsa, suka yanka masa albashin dala 30,238 a shekara, ita kuma 26,508. Malamai mata ma haka suka yi, ba maza kaɗai ba. Waɗannan mutane ne da sana'arsu ita ce auna hujja. Ina kawo wannan ne don kada ka ce karatunka ko jinsinka zai kare ka.

Tambayar musanya tana da 'yar'uwa: wace hujja ce za ta nuna cewa na yi kuskure, kuma na neme ta? Idan amsar ita ce ban nema ba, to hukuncinka zato ne har yanzu.

Mataki na shida: ka kafa ma'auni kafin ka ga fuska

Da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan riƙe. Dalilina shi ne ba ya jiran sai ka kama kanka. Yana toshe ƙofar ne tun kafin baƙon ya iso.

Eric Uhlmann da Geoffrey Cohen sun nuna yadda abin ke faruwa a 2005. An ba mutane bayanin mai neman kujerar shugaban 'yan sanda, wani lokaci namiji, wani lokaci mace. Wani lokaci mai neman yana da zurfin karatu, wani lokaci kuma gogewar aikin titi ce da shi. Sai mutane suka riƙa ɗaga darajar duk siffar da namijin ke da ita. Idan shi ne mai karatun, sai a ce ai karatu ne ginshiƙin wannan aiki. Idan shi ne mai gogewar, sai karatun ya rage daraja. Ba wanda ya ji a ransa ya yi son kai, domin kowa yana da ma'auni. Ma'aunin ne ke motsi. Abin mamaki, waɗanda suka fi yarda cewa su adalai ne su suka fi yin haka. Da aka sa mutane su fara faɗin abin da ya fi muhimmanci kafin su san jinsin mai neman, sai bambancin ya ɓace.

Ga yadda za ka kawo wannan cikin rayuwar aji. Kafin ku raba aikin rukuni, ku rubuta ayyukan da ke akwai da abin da kowanne ke buƙata, sannan kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya iya da abin da yake son koya. Ayyukan da ba a yabon mai yin su, kamar rubuta bayanin zama da tuna wa mutane lokaci, ku riƙa yin su karɓa-karɓa, domin in aka bar su haka nan, kan mutum ɗaya suke faɗawa kullum. Idan za ku duba aikin juna, ku rufe sunaye ku sa lambobi, ku rubuta abin da za a ba maki a kai da nauyin kowanne kafin a buɗe takarda ta farko. Ka duba tambaya ta ɗaya a duk takardun kafin ka koma ta biyu, don kada kyawun amsar farko ko muninta ya shafi sauran. Kafin ka cike takardar auna malami, rubuta abu uku da kake nema a wurin kowane malami, misali ko bayaninsa na fita, ko yana dawo da aiki a kan lokaci, ko yana amsa tambaya, sannan ka auna kowa da su. A zaɓen ɗalibai ma haka: ka san abin da kujerar ke buƙata kafin ka kalli hotunan 'yan takara.

Idan ka ji kana son sauya ma'auni bayan ka ga mutanen, tsaya. Mai yiwuwa kana da gaskiya. Amma ka rubuta dalilin sauyin, ka yi masa tambayar musanya.

Mataki na bakwai: kada ka danne, ka shirya amsa

Mutane da yawa idan suka gane suna da irin wannan tunani sai su ce daga yau ba zan ƙara yin sa ba. Niyyar tana da kyau, amma dabarar takan juye. A wani gwaji na Neil Macrae da abokan aikinsa a 1994, an nuna wa ɗalibai hoton wani saurayi mai askin ƙwalƙwal, irin matasan da ake dangantawa da tashin hankali, aka ce su rubuta yadda yininsa ke kasancewa. An umurci wasu su guji yi masa kuɗin goro. Daga baya da aka kai su ɗakin da aka ce yana zaune a ciki, waɗanda aka sa su danne tunanin su ne suka zauna nesa da kujerarsa fiye da sauran. Mai gadin da ka sa ya hana tunani shigowa dole ya riƙa tuna kamanninsa.

Abin da ya fi shi ne shirin "idan kaza, to kaza", wanda Peter Gollwitzer ya yi bincike mai yawa a kai. Ka ɗaure wani aiki takamaimai da wani yanayi takamaimai, ka rubuta. Idan na ji ina son tsallake wani a rukuni, to zan tambaye shi abin da ya taɓa yi. Idan karin harshen mai magana ya yi mini nauyi, to zan rubuta hujjarsa a takarda in auna rubutun. Idan saura minti biyar a yanke hukunci a kan mutum, to zan nemi a ɗaga zuwa gobe. Shiri biyu ko uku sun isa. Tunanin zai zo, ka ce masa na gan ka, sannan ka yi abin da ka shirya.

Mataki na takwas: ka yi aiki tare da waɗanda kake tsallakewa

Tun 1954 Gordon Allport ya ce cuɗanya tana rage ƙyama, musamman idan mutanen suna matsayi ɗaya, burinsu ɗaya, suna taimakon juna, kuma hukuma na goyon baya. Aikin rukuni a jami'a ya cika waɗannan sharuɗɗan kusan duka. A zango mai zuwa ka shiga rukuni ɗaya da ba kai ka tsince shi ba, ka tafi da niyyar sanin mutum ɗaya a matsayinsa na shi kansa, ba wakilin wasu ba.

Mataki na tara: ƙidaya, da idon wani

Ƙarshen zango ka koma littafinka da biro. Hasashe nawa ka yi da tabbacin 80 zuwa sama, nawa ne suka tabbata? Idan cikin goma huɗu ne kawai suka zo daidai, lambarka ta 80 ba 80 ba ce, kuma yanzu ka sani. Ka duba kuma ko kurakuran gefe ɗaya suka karkata: su wa ka riƙa rainawa suka ba ka mamaki, su wa ka riƙa ɗagawa suka gaza?

Sannan ka nemi aboki guda wanda ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, ku yi yarjejeniya. A zaman rukuni uku masu zuwa ya riƙa ƙirga maka a ɓoye: wa ka katse wa magana, shawarar wa ka maimaita ka yaba, wa ka juya ka kalla lokacin da tambaya mai wuya ta taso. Kai ma ka yi masa. Tunda kowa ya fi ganin tudun wani, ku mayar da wannan rauni ya zama amfani.

Kada ka sa ran ji a ranka cewa ka warke. A 2016 Calvin Lai da abokan aikinsa sun gwada dabaru tara na rage ɓoyayyiyar karkata, dukansu sun yi tasiri nan take, amma bayan 'yan awoyi zuwa 'yan kwanaki babu wadda tasirinta ya saura. A 2019 Patrick Forscher da wasu suka tattara bincike 492, suka ga cewa ko an sauya sakamakon gwaji irin na IAT, ba lallai hali ya sauya ba. Shi ya sa taron bita na yini ɗaya ba ya wadatarwa, shi ya sa kuma ma'auninka ya zama ƙidayar abokinka da shafukan littafinka. Idan sabon zango ya kama, ka zaɓi wata ƙofar daga jerin da ka rubuta a mataki na biyu, ka buɗe sabon shafi, ka sa kwanan wata, ka sake kwana 14.